Ƙunar Farko a Summerfield

Mahaifina malamin daji ne, kuma bayan ya yi ritaya da shekaru sai kansa ya mai da shi bakin aiki. Na ɗauko shi daga gida bayan rasuwar Mama, na kawo shi ƙasar Turawa, garin Summerfield, arewa da Greensboro, inda ni da maigidana muke haya a wani ɗan gida mai bishiyoyi a bayansa. Tun a filin jirgi na ƙudura abu guda a raina, cewa a hannuna zai ƙarasa kwanansa. Aikina a ƙasar nan kula da tsofaffi ne a gidan da ake ajiye su. Ni nake yi musu wanka, ni nake ba su abinci a baki, na kuma san yadda ziyarar 'ya'yansu take raguwa har ta koma kati a lokacin Kirsimeti. Na rantse ba zan taɓa kai ubana irin wurin ba. Na faɗa wa maigidana, na faɗa wa matan cocinmu, har da buga ƙirji, ba tare da wani ya tambaye ni ba.

Gandun dajin da Baba ya yi wa aiki yana can ƙasarmu, inda Arewa ta fara gangarowa Tsakiya. Kogi ne iyakarsa ta yamma, duwatsu ta gabas, tsakaninsu kuma tudu ne mai jar ƙasa da marmara, rafuka sun tsattsaga shi suna gangarawa kogin. Mutanen nan in na ce musu a bakin daji na girma, sai su zaci kurmi mai duhu da birai suna lilo, irin wanda suke gani a talabijin. Namu ba haka yake ba. Rana tana shiga cikinsa, kana tafiya kana hango na gabanka. Itacen doka ne ya fi yawa, sai maje da kawo da marke da ƙirya, da madobiya a kan tudu, da taura da kaɗanya waɗanda muka sha dambe a gindinsu muna yara. Maɗaci kuwa sai bakin rafi, can ne kawai ake samun duhuwa da kore duk shekara. A ƙarƙashinsu duka gamba ce, ciyawar da take shanye namiji har da hularsa in damina ta yi nisa.

Da ruwa ya ɗauke sai dajin ya fara zubar da ganye. A hankali yake yi, har wata safiya mu fito ƙofar gida mu ga duwatsun gabas da damina ta ɓoye mana sun dawo. Baƙo zai rantse itatuwan sun mutu. Baba cewa yake yi suna da hankali ne, sun san babu ruwa, sun rage masu sha. Can tsakiyar rani, lokacin da zafi yake hana mutum tunani, sai doka ta fitar da sabon ganye ja wur, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Duk shekara sai ya kai mu mun gani, duk shekara kuma sai mun yi masa mita a hanya.

Dajin yana da iyayen giji da yawa, kuma babu wanda yake kwana a kusa da shi sai mu. En'e, hukumar gargajiya ta da, ita ce ta shata shi tun ba a haife ni ba, ta kafa ginshiƙan siminti a iyaka. Daga baya ya koma hannun jiha, ƙaramar hukuma ta ce ita ma da rabonta, hakimi da dagatai kuma suna cewa ai ƙasar kakanninsu ce aka ara ba a mayar ba. Babban jami'i yana hedikwata, yana leƙowa a mota in hanya ta bushe, ya ci zabi ya koma. Baba ne na can ƙasa, da kakinsa da kekensa da wata guduma mai hatimi da yake buga wa gindin duk itacen da aka ba da izinin sara. Mutanen ƙauye suna da ikon ɗibar busasshen itace da ciyawar jinka da zuma da saiwar magani. Ɗanyen itace kuwa sai da takarda. Makiyaya suna da burtalinsu da ya ratsa ta kudu, amma shanu ba su iya karatu ba, don haka rigima ba ta ƙarewa. Kowa yana gaishe da Baba har ƙasa, kowa kuma yana zaginsa da ya ba da baya, shi ma ya sani, ko a jikinsa.

Babban aikinsa na shekara shi ne ƙunar farko. Irin wannan daji dole ya ƙone, ko kana so ko ba ka so. In aka bar gamba ta bushe ƙayau har ƙarshen rani, mafarauci ɗaya ko mai cin zuma ɗaya ya isa ya tada wutar da za ta haye har kan itatuwa ta kashe su. Shi ya sa da ganye ya fara zuba, ciyawa tana da sauran ɗanye a gindi, malamin daji yake riga kowa kunnawa. Za a fara share layin wuta, wato a kankare ƙasa fayau a zagaye inda ba a so ta tsallaka. Sannan da yamma, in iska ta kwanta, a kunna ta a saitin da za ta yi tafiya tana fuskantar iska, mutane suna biye da ita da ɗanyun rassa suna bugun gefenta. Wuta ce mai ladabi, ba ta wuce gwiwa, tana lashe ciyawa ta bar itace. Mu yara muna bin baya muna tsintar fara. Ranar nan kaɗai nake ganin Baba yana dariya da haƙoransa duka a waje.

A lokacin kaka na farko da ya yi a Summerfield, da bishiyoyin bayan gida suka fara zubar da ganye, na same shi tsaye a taga hannu a baya.

"Uwata," ya ce, don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wa yake riƙe da wannan dajin?"

"Baba, ba daji ba ne. Bayan gidajen mutane ne, kowa da nasa."

"To ina malaminsa?"

"Babu."

Ya girgiza kai ya ce, "Shi ya sa."

Na yi masa bayani cewa nan sanyi ne yake zubar da ganye ba rashin ruwa ba. Ya saurare ni har ƙarshe yadda ake sauraron yaro mai ba da labarin mafarki. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne injin nan mai ihu da mutane suke goyawa suna hura ganye. Ya ce bai taɓa ganin ƙattin maza suna korar ganye daga nan zuwa can ba, gobe iska ta dawo musu da shi. Na saya masa manjagara, ya wuni yana tara ganye, yana cin abinci sosai, yana barci. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya mai kiwon dawaki, ta ba shi safar hannu ta kan shinge. Ya yi mata godiya da tsohon Turancinsa na ma'aikata, ta yi ta murna. Ni kuwa na riƙa yi wa matan coci burga, ina cewa ga shi, tsoho in yana gidan 'yarsa ba ya lalacewa.

A shekarar da ta biyo abubuwa biyu suka taso tare. Na farko, mantuwar Baba ta wuce ta tsufa. Ya fara neman kekensa, yana tambayar ko Mama ta dawo daga kasuwa, yana cewa a wanke masa kaki babban jami'i zai zo. Likita ya gwada shi ya gaya mini sunan ciwon, sunan da nake karantawa kullum a wurin aiki a jikin fayil ɗin wasu. Ya ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa.

Na biyu ƙanena ne ya kira ni daga gida. Ina cikin mota a gaban wani shagon kayan Afirka a titin Gate City Boulevard, na sayo daddawa da kuka. Tun da daɗewa ina jin ƙishin-ƙishin, amma ranar ce ya zayyana mini komai. Madobiya aka fara bi, manyan motoci suna shiga suna fita da gumagumai, kowace da takardar izini mai hatimi, ba a san wanda ya buga ba. Da ta ƙare aka koma kan ƙirya da marke ana gawayi. Jiha ta ce laifin ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma ta ce na dagatai ne, tun ritayar Baba kuma ba a turo wani malamin daji ba. Ragowar wajen duwatsu 'yan bindiga suka shiga suka zauna. Ƙauyenmu ya watse. Shi kansa ƙanen nawa yana birni da matarsa da yara a ɗaki guda a gidan surukai.

"Yaya, ko ginshiƙan iyaka an tuge," ya ce. "Kar ki gaya wa Baba."

Ban gaya masa ba. Duk sanda ya tambaye ni labarin gandu, sai in ce lafiya lau, an yi damina mai kyau. Ƙaryar ba ta yi mini wuya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na zauna a motar nan na ci kuka har wani ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko zan fita ya samu wurin fakin.

Da kaka ta sake zagayowa Baba ya ajiye manjagara ya ɗauki fartanyar lambu. Ya kankare ciyawar mai gidan da muke haya a zagaye da gidan, layi mai faɗi, miƙaƙƙe, ƙasa tsirara. Na gane ko mene ne da gani ɗaya. Mai gidan ya zo ya yi ta faɗa a kan ciyawarsa, na ba shi haƙuri, ban gaya masa abin da ake yi bayan an share irin wannan layi ba. Ranar na kwashe duk ashanar da ke gidan da laita da kyandir na zuba a but ɗin mota. Ni da maigidana muka raba shif, in yana aiki ina gida, in ina aiki yana gida, har muka zama kamar masu gadi biyu da suke gaisawa a ƙofa. Ya yi haƙuri, mutumin nan, bai taɓa ce mini komai ba, amma na ga yana ramewa.

Na zauna da Baba na roƙe shi.

"Baba, nan ba a ƙuna. Doka ta hana. In ka kunna, polis za su zo."

"Su zo mana. Ni ma ma'aikacin gwamnati ne."

"Don Allah, Baba."

"Uwata, ke ba ki san aikin nan ba. Dubi ganyen can, ya kai ƙwauri. In aka bari har rani, ba itace ɗaya da zai tsira. Wa za a tambaya? Ni za a tambaya."

Ranar da abin ya faru ina gida, ido biyu, ina tuƙa tuwo ina leƙensa ta tagar kicin. Yana bakin shinge yana hira da wani da ya zo yi wa mai dawaki gyara. Daga baya mutumin ya ce tsoho ne ya roƙe shi laita cikin ladabi, shi kuma ya zaci sigari zai sha. Baba ya jira mutumin ya tafi, ya jira rana ta yi sanyi iska ta kwanta, ya bi ƙa'idar aikinsa daki-daki. Ya tsaya a bayan layinsa, ya kunna tana fuskantar iska, ya karyo ɗanyen reshe ya riƙe. Sai dai a wannan lokaci na shekara abin da ya rage kore a nan itacen fayin ne kawai, mai ganye kamar allura, shi kuma ƙaro ne a jikinsa, kamar an jiƙa shi da kananzir. Ganyen ƙasa ma ba gamba mai ɗanyen gindi ba ne, busasshe ne har ƙasa, an kuma daɗe ba a yi ruwa ba. Bugu na farko reshen ya kama a hannunsa.

Ina kwashe tuwo na ji ƙauri. Kafin in fito wutar ta bar shi a baya, ta bi ƙarƙashin bishiyoyi da gudu, ta kama shingen maƙwabciya, ta nufi rumfar da take ajiye ciyawar dawaki. Ban taɓa jin kukan doki a tsorace ba sai ranar, kuma ba na fatan in sake ji. Matar ta fito ba takalmi ta buɗe musu, ɗaya ya afka wa waya ya yanke ƙafa. Na kira 'yan kwana-kwana, na ruga na rungumo Baba ta baya. Hannuwansa sun ƙone, girarsa ta babbake, amma ƙoƙarin ƙwacewa yake yi yana kiran sunayen leburorin da suka mutu tun ina makaranta, yana cewa su tare ta gabas. Da motocin suka iso ya tsaya yana ba su umarni da Turanci. Rumfar ta ƙone ƙurmus. Gidanmu ko hayaƙi bai taɓa bangonsa ba, saboda wutar ta zo bakin layinsa ta tsaya, abin da ya sa duk wanda ya zo kallo ya dubi gidanmu, ya dubi na matar, sannan ya dube ni.

A asibiti aka naɗe masa hannuwa, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zauna da ni. Na san tambayoyinta kafin ta yi su, don na sha jin ana yi wa wasu. Maƙwabciya ba ta kai ƙara ba. Ta zo har ƙofa ta riƙe hannuna ta ce tana ƙaunar tsohon, amma tun ranar ba ta iya barin gidanta ko na zuwa shago, tsoro take ji. Da ma zagina ta yi da na fi samun abin cewa. Mai gidan haya ya ce ko Baba ya tashi ko mu duka mu tashi, kuma duk inda za mu nema sai sun kira shi sun tambayi halinmu.

Na buga kowace ƙofa. Na kira ƙanena, ya ce, "Yaya, in kin kawo shi, a ina zan kwantar da shi?" Na ce zan bar aiki in zauna da shi, maigidana ya dube ni kawai, don mu biyun mun san da aikina muke da inshorar da ake duba Baban da ita. Matan coci suka kawo abinci suka yi addu'a, babu wadda ta tuna mini da bugun ƙirjina, na kuwa ji kunyar hakan fiye da a ce sun yi mini gori. Duk da haka ban saduda ba, sai da safiyar da na kai masa koko, ya ɗaga naɗaɗɗun hannuwansa ya nuna taga, fuskarsa a sake.

"Yamma ta yi kyau," ya ce. "Saura gabas. Ki gaya wa dagaci ya turo mutane jibi."

Na samu wuri a wani gida wajen Sedgefield, ba inda nake aiki ba, a ɓangaren masu mantuwa, wanda sai da lamba ake shiga ko fita. Na je na duba shi da idon 'yar gida. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki kuma sun yi kaɗan, kamar ko'ina. Babu mai jin Hausa ko ɗaya. Na tsani kaina, na tsani ƙasar nan, na tsani waɗanda suka cinye tamu, na sa hannu.

Na gaya wa Baba gwamnati ce ta yi masa canjin wurin aiki. Ya karɓi maganar ba gardama, ya ce dama ya daɗe a wuri ɗaya. Ya sa na goge masa takalmi, na sa masa hula, ya zauna a gaban mota a miƙe. Abin da nake lallashin zuciyata da shi a hanya shi ne ba zai sani ba, ciwon da ya jawo mana wannan shi zai rufe masa ido.

Ɗakin ƙarami ne, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Na jera masa kaya a durowa, na nuna masa banɗaki, na yi ta surutu don kar shiru ya shigo. Shi yana zaune a bakin gado, hannuwansa a cinya. Da na ɗauki jakata sai ya kira ni, da wata murya da na daɗe ban ji ba, muryarsa ta da.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wannan ba canjin aiki ba ne."

Na ajiye jakar.

"Na yi wa baiwar Allah nan ɓarna, na sani. Dokin ya tashi?"

"Ya tashi, Baba. Yana ɗingishi."

"To madalla." Ya dubi bandejin hannunsa. "Zan tambaye ki, kar ki ce mini lafiya lau. Gandun yana nan?"

"Babu shi, Baba. Sun sare."

"Ƙauyen fa?"

"An watse."

Ya gyaɗa kai a hankali, bai yi kuka ba, ni ce na yi.

"Ke nan babu inda za ki mai da ni."

"Babu, Baba."

"To je ki," ya ce. "Ki ja mini ƙofar."

Na ja.